Jikan da Ba Ya Zagina

Tun da ƙafafuna suka fara ƙin kai ni kasuwa, zaure ya zama wurin zamana na hantsi, daga nan nake sauraron Tudun Wada. Ba ita ce unguwar da na tashi a cikinta ba. A da, kafin rana ta ɗaga, abin da kunne ke fara ji shi ne luguden taɓarya daga gida zuwa gida, da guga tana bugun bakin rijiya, da kukan jirgin ƙasa daga tsallaken rafin Kubanni, sai kuma muryar wata tsohuwa tana zagin jikanta, shi ma yana ramawa har da tsalle. Yanzu injin niƙa ne da janareta da 'yan acaɓa. Ni da na yi daka har tafin hannuna ya yi kanta ba zan yi kewar turmi ba, Allah ya raka taki gona ma ban ce ba, na dai bar shi ya tafi. Zagin nan ne nake nema, kuma sai a daminar bana na gane a cikin gidana ma ya ƙare.

Ɗana na fari ya tafi karatu Turai tun yana saurayi, aiki ya riƙe shi a can. Ya zo ya auri wata yarinyar unguwar Hanwa mai hankali ya tafi da ita, suka haifi ɗa namiji, ni kuwa ban taɓa ganin yaron ba sai a fuskar waya, yana ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Bana suka ce za su kawo shi hutu. Likita ya riga ya gaya mini abin da zuciyata take ciki, ban kuma gaya wa kowa ba, amma na san ba lallai ne in ga wani zuwan ba. Don haka na ɗaura niyya: a 'yan makonnin nan zan zama kaka ga yaron nan, kaka ta sosai, ba tsohuwar cikin waya ba. A wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne na wasa. Na soya masa gyaɗa, na sa aka yi masa alkaki, na kuma yi ta tanadin baƙaƙen maganganun da zan tarbi angona da su, ina dariya ni kaɗai a ɗaki.

Ranar da suka iso tsakar gida ta cika da dangi. Ya shigo tsaf da shi, bai fi a ce ya fara famfarar haƙoran gaba ba, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa a hanya, ya ce, "Ina wuni, Kaka," da wata Hausa mai tauri. Zuciyata ta narke. Na dube shi sama da ƙasa, na taɓe baki, na ce, "Wannan ne mijin da aka yi ta cika mini baki da shi? Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga hanci kamar an zauna a kai. Ku mayar da abinku, ban karɓa ba, ko cefane bai kawo ba." Gida ya ɗauki dariya. Na zuba ido ina jiran ya ce mini tsohuwa mai bakin goro, ko ya murguɗa mini baki. Yaron yana jin Hausa, uwarsa da ita take yi masa magana. Ya kalle ni cikin ido, ya tashi ya koma bayan uwarsa ya ɓoye fuska a mayafinta. Ko alkakin bai taɓa ba. Daga ranar, in ina tsakar gida yana ɗaki, in na leƙa ɗaki sai ya tuna yana son fita.

Abin ya ba ni haushi kafin ya ba ni tsoro, domin ni da irin wannan zagin aka raine ni. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, kunya ba ta barin uwa ta yi haka ga ɗan fari. In za ta aike ni sai ta ce, "Ke, wannan," tana kallon bango. Ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta yabona, in na faɗi na fasa gwiwa wata ce za ta ɗaga ni. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, uwar mahaifina, a nan na girma. Kaka ƙuli-ƙuli take yi, ɗakinta kullum warin tunkuza da hayaƙi. Ni ke ɓare gyaɗa, ni ke hura wuta har idona ya yi ja, ni ke kai niƙa da ɗebo ruwa da wanke ƙore, ina yi tana bina da baki. Mai kan gwanda ce ni, mai ƙafar sauro, wadda ko an ɗora ta a faifai an zaga kasuwa ba mai taya ta. Ni kuma in ce mata tsohuwar banza mai haƙori ɗaya, ta ɗauki muciya ta biyo ni, mu yi ta zagaya turmi har numfashinta ya ƙare ta zauna tana dariya. A duk gidan nan ita kaɗai nake iya kallo cikin ido. Gaban kowa kaina a ƙasa yake, ban isa in yi magana ba sai an tambaye ni, amma gaban Kaka bakina a sake yake. In wata ta ce tana ɓata ni, sai ta ce, "Gara ta ji shi a bakina muna dariya, kafin ta ji shi a bakin wanda ba ya son ta."

Ban san nauyin wannan wasa ba sai shekarar da ƙyanda ta shigo unguwa. A lokacin ba a ma son kiran sunan ciwon. Gidaje da yawa a layinmu an fitar da yara a tabarma, har da wata ƙawata da muke wasan 'yar tsana da ita. Da ya kama ni aka rufe ni a ɗakin Kaka, aka toshe taga da tsumma, jikina kamar garwashi, idona ya liƙe. Ba zafin ne na fi tunawa ba, muryar Kaka ce. Ta daina zagina. Tana shafa kaina tana cewa, "Sannu 'yar albarka, sannu kyakkyawata, sha kunun nan kaɗan, uwata." Da na ji haka sai tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ce a raina shi ke nan mutuwa zan yi, tunda har Kaka ta ce ina da kyau. Na yi ta kuka tana ƙara lallashi, lallashin yana ƙara firgita ni. Sai wata safiya zazzaɓin ya sauka, na buɗe ido na gan ta zaune tana tsince shinkafa. Ta kalle ni a kaikaice ta ce, "Au, kin tashi? Ashe mutuwar ma leƙowa ta yi ta ga muninki ta fasa." Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na ce, "Ke ta zo ɗauka, warin bakinki ya kore ta." Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa, na ɗauka dariya take yi. Sai da na girma na haifi nawa na gane kuka ne.

To ga irin kunnen da aka yi mini. A wurina magana mai zaƙi daga bakin kaka alama ce ta ana shirin rabuwa, zagi kuwa shi ne cewa kai nawa ne, kana nan daram. Shi ya sa da na ga yadda ake renon jikana abin ya yi ta ɗaure mini kai. Wai tun yana jariri ɗakinsa daban, a kashe fitila a rufe masa ƙofa, mu da ake goya mu har ƙafarmu ta kusa taɓa ƙasa. Amma kuma uwar nan da ta iya barin jariri shi kaɗai, ita ce ba ta wuni ba ta ce masa tana son sa ba, a gaban kowa, ɗan fari guda. Ana tambayarsa abin da zai ci. In ya yi laifi uban ya durƙusa daidai tsawonsa su yi ta shawara kamar masu rabon gado. Kallon babba cikin ido, da mu ake mari a kansa, shi an koya masa cewa shi ne gaskiya. Na yi ta gunaguni a raina cewa sun juya komai, sun ba shi a fili abin da ake ɓoyewa, sun hana shi abin da ake bayarwa.

Surukata ce ta same ni wata la'asar ina tsinke zogale. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri da yaron nan, ba raini ba ne."

Na ce, "Raini ai da ya yi mini da na gode. Wane irin jika ne ba ya jin wasa?"

Ta ce, "A ajinsu shi kaɗai ne baƙar fata, Inna. Maganar da kika yi masa ranar nan, ita yara suka yi ta yi masa a makaranta, launinsa da hancinsa, su kuma ba da wasa ba. Akwai ranar da na same shi a banɗaki yana dirzar hannunsa da soso har fata ta yi ja, wai ko zai yi haske. Mun sha wahala kafin ya yarda ba abin da ke damun halittarsa. Duk hanyar nan murna yake yi zai zo garin da kowa irinsa ne."

Zogalen ya zube daga hannuna. Amma bakina bai mutu ba, na ce, "To ba shi ya sa ake yi ba? A saba masa a gida, in ya ji a waje ba zai dame shi ba. Mu haka aka yi mana."

Ta ce, "Ke kullum kina tare da Kakarki, Inna. In ta zage ki da safe, da yamma a bayanta za ki yi barci. Shi ranar ya fara ganinki ido da ido."

Yarinyar nan ba ta ɗaga mini murya ba, amma ta gama da ni. Na kwana biyu ina juya maganar, ina jin haushin yaran da ban sani ba a wata ƙasa, ina jin haushin ɗana da ya kai mini jika inda zagi zagi ne kawai, ina kuma tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba. Shin da mahaifiyata ta kira sunana ko sau ɗaya, da wani abu ya ragu a tarbiyyata? Har yau ban sani ba. Na dai san ranar da aka fitar da gawarta na tsaya ina jiran wani abu da ya riga ya wuce.

Na kai kukana wurin maƙwabciyata da muke ce wa Sista, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, 'yar coci, tare muka tsufa katanga ɗaya. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke Turai kike zargi? Jikokina da ke Abuja ma haka suke. Na ce wa ɗaya mai kunnen zomo, uwarsa ta yi sati ba ta kira ni ba. Wadda nake riƙo ce kaɗai ta san ni." Ta ce in sauke girman kai in yabi yaron, lokaci ba ya jirana, ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta ga yadda nake haki in na tashi.

Haka na yi. Na same shi a gindin bishiyar gwaiba yana zane, na ce, "Zo nan, yaron kirki. Kana da kyau, ka ji? Hancinka irin na kakanka ne, duk Tudun Wada ba wanda ya kai shi kwarjini." Harshena ya yi nauyi kamar ina tauna danƙo, ina ta tubarkalla a ɓoye kada bakina ya kama shi, domin mu ba ma yabon namu a fili. Ya dube ni da kyau, kamar mai duba ko akwai tarko, sannan ya matso. A hankali ya saba. Ya riƙa zama kusa da ni a zaure yana nuna mini zanensa, na koya masa ɓare gyaɗa, ya koya mini sunan karen maƙwabcinsu. Komai na ba shi sai ya ce na gode, kafin ya taɓa carbina sai ya nemi izini. Kowa na cewa kaka da jika sun shirya, ni ma ina murmushi. Amma a cikina na san yadda nake lallaɓa shi haka nake lallaɓa ɗan baƙuwa, ina auna kowace kalma kafin ta fita. Na samu yaro mai ladabi, wanda nake nema kuwa mai rashin kunya ne.

Ana gobe za su koma, muna zaune a zaure da hantsi, sai ga Ladi, jikar Sista da take riƙo, ta kawo mini fate a kwano. Yarinyar nan a gabana aka yaye ta, bakinta kuwa kamar reza. Tun daga ƙofa ta fara, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, har yanzu kina nan? Wai yaushe za ki mutu ne mu sha gumba? Ni fa na gaji da jira." Su ba sa gumba a cocinsu, amma ta san tamu sarai. Raina ya yi fari tas, na gyara zama na ce, "Ja'ira mai wuyan kwalba, sai na ga furfurarki tukuna." Ban rufe baki ba jikana ya miƙe. Ya ture ta da hannu biyu, kwanon ya kife, faten ya watse a ƙasa, ya daka mata tsawa da Hausarsa mai tauri, "Kada ki ƙara cewa Kakata za ta mutu!" Ladi ta tsaya baki buɗe. Shi kuwa ya juyo ya rungume ni, hawaye na jiƙa mini wuya.

Ba wanda ya taɓa yin faɗa saboda ni haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Amma daɗin bai kai ko'ina ba tsoro ya danne shi. Gumbar da Ladi take nema, gero ne ake dakawa da sukari a yi sadaka in tsoho ya rasu, rabon jikoki ne, su ke wawashe ta. Ni shekara da shekaru ina yi wa Kaka wannan tambayar, tana cewa ko ta mutu ba za ta bar mini ko loma ba. Ranar sadakarta na ɗaura zaninta, na ɗauki sandarta, na yi ta kwaikwayon tafiyarta a tsakar gida, masu zaman makoki suna dariya suna share hawaye, ni ma haka. Mutuwarta ta yi mini ciwo amma ba ta zo mini a baƙuwa ba, mun daɗe muna wasa da ita ni da mai ita. Sai a zauren nan, da yaro a ƙirjina, na gane abin da tsofaffin nan suke yi mana. Suna saba mana da tafiyarsu ne tun suna nan, kaɗan-kaɗan, a cikin dariya.

Ya ɗago ya kalle ni cikin ido ya ce, "Kaka, za ki mutu?"

Amsar tana bakina, ta zolaya wadda kowace kaka take bayarwa, amma ba ta da amfani a wurinsa. Gaskiyar kuma ba zan iya ɗora masa ita ba, ƙarya ma ban iya ba. Na share masa fuska da bakin mayafina na ce, "Ba yau ba." Ya yi ajiyar zuciya, ya je ya ba Ladi haƙuri ba tare da an sa shi ba, har ya taya ta kwashe faten.

Da yamma ɗana ya shigo yi mini sallama. Ba mu saba doguwar magana ba ni da shi, ya zauna a bakin ƙofa, ni kuma ina kallon tabarma. Na ce, "In an kira ku aka ce na tafi, a daka wa yaron nan gumba, ko a can ne. Haƙƙinsa ne."

Ya gyara zama a bakin ƙofar. Sannan ya ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, Inna. Amma kin ga yadda ya yi ɗazu. In ma hakan ta faru ba za mu gaya masa nan take ba. A can a hankali ake bi da yaro, sai an shirya shi tukuna."

Na ce, "Wa zai shirya shi?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Daga tsakar gida ina jiyo yaron yana tambayar uwarsa ko za su dawo baɗi, tana ce masa in Allah ya yarda. Shirya jika aikin kaka ne, da ranta ake yinsa, a bakinta, ba bayan an binne ta ba. Ni kuwa ko farawa ban yi ba, ga shi an riga an ɗaure kayansu a zaure.